Kujerar da Na Saya wa Baba

Shekarar da aka ɗauke ni koyarwa a wata firamare a Makarfi, na kama ɗaki ɗaya a bayan inda ake sauke rake. Ɗakin yana da ƙofa, yana da taga, yana da ƙusa guda a bango. Sau biyu mai gidan yana nuna mini ƙusar, don kada in ce bai bar mini komai ba.

Da albashin farko ya shigo, na rubuta abin da nake bukata: katifa, risho, bokiti, buta, labule, tabarma. Na sayi biyar ɗin farko. Ina hanyar zuwa wurin masu tabarma sai na hango wata kujerar kushin mai cin mutum ɗaya a gaban shagon wani kafinta. Ta hannu ce, ja, an ɗinke gefenta da baƙin zare. Na zauna don in huta kawai. Kafin in tashi, tabarma ta fita daga lissafi.

Gaskiya ba don kaina na saye ta ba. Mahaifina manomi ne a Paki, kuma bai so na bar gona ba. Ranar da zan taho, cewa ya yi wanda bai iya ɗaure damin dawa ba, ina shi ina riƙe ɗaki. Maganar nan ta tsaya mini a rai. So nake ya zo ya zauna a kujera a ɗakina, in miƙa masa shayi, iyakar burina ke nan. Kullum sai na kakkaɓe ta, ni kuwa a bakin katifa nake cin abinci.

Ran wata kasuwa sai ga shi. Bai zo shi kaɗai ba, yana tare da yayansa, Baffa. Muka gaisa a bakin ƙofa har muka gama da gida da gona da shanu, sannan suka cire takalma suka shigo.

Baba ya nuna kujerar ya ce, "Yaya, bismillah."

Baffa ya ce, "A'a, irin waɗannan in na shiga ba na iya fitowa. Ƙasa ta fi mini."

Ya waiga yana neman tabarma. Ni ma na waiga, kamar akwai ta. Ko darduma ba ni da ita, don masallaci a jikin gidan yake. Katifa kuwa shimfiɗar ɗa ce, dattijo ba ya hawanta.

Baba ya tuɓe babbar rigarsa, wadda yake zuwa Juma'a da ita, ya ninke ta biyu, ya shimfiɗa wa yayansa. Shi kuma ya zauna a kan siminti da 'yar shara. Tunda Baffa yana ƙasa, Baba ba zai hau kujera ba. Tunda su biyu suna ƙasa, ni babu inda ya rage mini sai durƙuso a bakin ƙofa. Kujerar dai ta samu hular Baffa, don a kanta ya ajiye. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, har shayin sai da na manta ban sa sukari ba. Suka shanye, suka sa albarka.

Da suka tashi tafiya, Baffa ya riga fita yana neman takalminsa. Baba ya ɗauki rigarsa ya kakkaɓe, ya tsaya yana duban kujerar.

"Wannan wa ka saya wa?"

Na ce, "Kai, Baba."

Ya leƙa waje, ya ga Baffa ya ba mu baya. Sai ya zauna a hankali, ya jingina, ya ɗora hannu a gefen da aka ɗinke. Bai kai minti ɗaya ba ya miƙe.

Ya ce, "Tana da laushi. Allah ya yi maka albarka. Ka sayi tabarma."