Dda Bihi da Karyar da Ake Kira Barkono

Tun yana yaro Dda Bihi yake kiwon awaki a kan duwatsu. Da gwiwa ta fara ba shi wahala, matarsa kuma ta rasu, sai ɗansa Yidir ya dawo da shi wurinsa a Agadir. Ci da sha babu abin da ya rasa, amma zaman bene ya ishe shi.

Wata Juma'a yana dawowa daga masallaci, ya ji karnuka suna haushi a bayan wani shinge, ya leƙa. Gidan kula da karnukan titi ne. Mai gidan, wata dattijuwa Lalla Ijja, tana wanke kwanoni.

"Malam, kare kake nema?" in ji ta.

"In kai shi ina? Ni ma ɗakin jikana aka ba ni."

"To ga tsintsiya. 'Yan kallo sun yi mana yawa."

Ya yi dariya ya karɓa. Daga ranar kullum da safe yana can, shara da ɗibar ruwa, ba don a biya shi ba.

Akwai wata jar karya da aka tsinto ɗaure da waya a wani kango. Aka sa mata suna Barkono, domin duk wanda ya miƙa hannu sai ta kai masa cizo. Dda Bihi bai miƙa ba. In ya gama aiki sai ya zauna a bakin kejinta, ya ba ta baya, yana shan shayi yana tsoma burodi a man zaitun. Lokaci-lokaci ya jefa mata gutsuren burodi ba tare da ya waiwaya ba. Haka suka yi ta zama har sanyi ya wuce. Wata safiya ya ji hanci mai sanyi a gwiwar hannunsa. Bai motsa ba, sai da shayin ya huce a hannunsa.

Daga nan ya koya mata tafiya da igiya, da fito irin na makiyaya: wannan na zo, wannan na tsaya. A gida surukarsa Tuda, matar Yidir, takan kaɗe jallabiyarsa tana cewa, "Baba, anya ka bar wa karen nan gashi a jikinsa?"

"Ke dai zuba miya," yakan ce.

Da bazara wani makiyayi daga wajen Tarudant ya zo neman kare. Lalla Ijja ta dubi Dda Bihi, shi kuwa ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ba don keji aka halicci Barkono ba." Ya wuni yana koya wa mutumin fito.

"Haba ɗana, wannan ai hura wuta kake yi! Sake."

Da motar makiyayin ta tafi da ita, bai tsaya shan shayi ba, gida ya wuce. Washegari kuma ya dawo aikinsa.

Bayan Babbar Salla Yidir ya kai shi ƙauyen makiyayin. Tun daga nesa Barkono ta sheƙo da gudu, ta kusa kayar da shi. Ta yi ta zagaya shi tana kaɗa wutsiya, sai wata tunkiya ta ware daga garke. Nan take ta bar shi ta bi ta.

"Ka ga ta manta da kai, Baba," in ji Yidir.

"Aiki gare ta," Dda Bihi ya ce, yana murmushi. "Zo mu gaida mutanen gida."