Allurar Da Ta Ƙi Tsayawa

Shekara arba'in da ɗaya Mai Sikeli ya yi yana gyaran abin awo a wani ɗan shago ƙarƙashin matakalar bene, tsakanin mai walda da shagon waya. Mahauta, masu sayar da ƙusa, 'yan gwangwan, har masu auna jarirai a ɗakin haihuwa, duk wurinsa suke kawo sikeli idan ya fara ƙarya. Yana da akwatin katako mai ƙarafan awo na tagulla guda goma sha huɗu, daga giram ɗaya har kilo biyu, gadon maigidansa da ya koya masa aiki. Da su yake gwada kowane sikeli kafin ya mayar wa mai shi. Dokarsa ɗaya ce tal: ba a karanta awo sai allura ta tsaya. Ka ɗora nama ka faɗi nauyi allura tana rawa a gabansa, ranar sai kunnenka ya gaji. Mutum ne mai gaskiya, wannan ba musu, amma taurin kai kam Allah ya yi masa rabonsa da na wasu.

Matarsa, wadda duk layin ke kira Mama, yanar ido ta rufe mata gani shekara biyu ke nan. Da lalube take sanin ƙofa, da jin takun ƙafa take sanin wanda ya shigo. Likita ya sa mata ranar Alhamis za a yi aikin ido ɗaya, da sharaɗin a biya dubu ɗari shida kafin sha biyun ranar Laraba. In aka wuce, a ba wani gurbin, ita kuma ta koma ƙarshen layi, wata takwas nan gaba.

Ranar Asabar da safe autarsu, mai aikin jinya a wata ƙasa, ta kira shi.

"Baba, na turo kuɗin ta manhajar nan da na saka maka a waya. In na bi ta banki sai ya kwana biyar. Ka kai wa Gilashi ya canza maka yau. Yau fa, Baba."

"Na ji, Auta. Allah ya yi miki albarka."

Ya buɗe wayar ya ga an rubuta satoshi dubu ɗari huɗu. Garin goge fuskar wayar da bakin riga ya taɓa wani wuri, lambar ta koma 0.004. Ko takalmi bai sa daidai ba ya faɗa shagon maƙwabcinsa Gilashi, mai gyaran waya da canjin irin wannan kuɗi, wanda ya samo sunan daga wani tabarau mai kauri da ba ya rabuwa da shi.

"Duba min nan. An kwashe, saura ɓurɓushi."

Gilashi ya duba ya yi dariya. "Baba, ba abin da aka taɓa. In na ce maka giram huɗu, a kilo yaya za ka rubuta?"

"Sifili, ɗigo, sifili biyu, huɗu."

"To shi ke nan. Babban sunansa bitkoyin, ƙaramin satoshi. Sai dai shi ba dubu ba ne kamar kilo, satoshi miliyan ɗari ne a bitkoyin ɗaya. Abin da Auta ta turo yana nan yadda yake, rubutun ne ya sauya."

Mai Sikeli ya zaro fensir daga bayan kunne, ya ja layi a jikin kwali, ya ƙirga sifilai takwas, ya mayar da ɗigo mazauninsa. Ya fito daidai. Daɗi ya kama shi, har da gyara zama, wai ashe abin da yara ke ta yi wa mutane burga da shi awo ne kawai.

"A kuɗinmu nawa ke nan?"

"Yanzu satoshi goma na kan sha shida. Dubu ɗari shida da arba'in. Kawo in canza maka, har da rarar magani."

Nan fa aka samu matsala. A ƙasan babbar lambar akwai ƙarama mai nuna kuɗin gida, kuma wannan ba ta zaune. Ta hau da ɗari uku, ta sauko da ɗari bakwai, ta sake hawa. Mai Sikeli ya zuba mata ido.

"Allurarka ba ta tsaya ba."

"Ba ta tsayawa, Baba. Kasuwa ce, duniya ce gaba ɗaya ke saye da sayarwa."

"Ba sikelin da ba ya tsayawa. Guminta ne yarinyar nan, ba zan bari a auna mata shi ana rawa ba. In ta tsaya na dawo."

Ya koma shago ya ɗora wayar kan teburin da ya daidaita ƙafafunsa da kansa. Ya kashe fanka, kamar yadda yake yi in zai auna abu mara nauyi. Ya leƙa ya roƙi mai walda ya ɗan dakata da bugun ƙarfe. Mai walda ya dakata minti biyar don girman furfura, lamba ba ta san ana yi ba. Ya zauna, ya tashi, ya je bakin titi, ya dawo. Sikelin wani mahauci na kwance a buɗe tun safe, ko sukurudireba bai ɗauka ba.

Lahadi haka, Litinin haka. Ya ci abinci waya na gefen kwano. Ya cika bayan kalanda da lissafi, kowane layi da lokacinsa, yana neman inda abin zai daidaita. Auta ta kira sau biyu, ya ce mata ana kan hanya, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, faɗin magana rabi. Mama kuwa tana jin takunsa daga ɗaki zuwa baranda, daga baranda zuwa ɗaki.

"Malam, ƙafarka ba ta huta ba tun shekaranjiya. Lafiya?"

"Awo nake."

"Awon me ake yi da yawo?"

Ya juya ya koma baranda.

Talata da rana Gilashi ya bar kwastoma a tsaye ya shigo da kansa. "Baba, ya sauko sha biyar. Dubu ɗari shida cif, ba rara. Don girman Allah kawo, ko ladana ba na so."

Mai Sikeli ya ji tsoro, tsoro na gaske. Amma a saninsa allura in ta yi ƙasa sai ta dawo sama kafin ta zauna a tsakiya, shekara arba'in da ɗaya bai ga wadda ta saɓa ba. Ya ce a bari zuwa gobe da safe. Gilashi ya cire tabarau ya murza ido, ya fita.

Laraba ƙarfe tara, satoshi goma na kan sha huɗu. Bai buƙaci fensir ba. Dubu ɗari biyar da sittin, saura awa uku. Babbar lambar tana nan daram, dubu ɗari huɗu, ko ɗaya bai ragu ba, kuma wannan ne ya fi ƙona masa rai: nauyin bai canza ba, abin da ake ba ka a kansa ne ya tafi. Ya miƙa wa Gilashi wayar.

"Canza."

"Cikon dubu arba'in ɗin fa? Wallahi jiya na zuba kuɗina a kaya, da na ba ka."

"Kai dai canza."

Ya ɗauki akwatin katako ya nufi bayan kasuwa wurin ɗan gwangwan, yana tafiya kamar ana kora shi. Ɗan gwangwan ya juye ƙarafan tagullar a kan wani sikeli mai shuɗin fenti, wanda Mai Sikeli da hannunsa ya gyara watan jiya. Allura na tsakiyar rawa mutumin ya ce, "Kilo huɗu." Bakin Mai Sikeli ya motsa, ya haɗiye maganar. Aka yi ciniki a tsaye, da ƙyar da roƙon sanayya ya kai arba'in. Na giram ɗaya ya maƙale a raminsa, ɗan gwangwan ya ce a bar shi, ba ya ƙara komai. Sha biyu saura kwata aka buga masa hatimi a rasit ɗin asibiti.

Aiki ya yi kyau. Juma'a da safe aka cire bandeji, Mama ta daɗe tana kallon hannuwanta, sannan ta kalle shi ta ce ashe haka ya tsufa ba wanda ya gaya mata. A hanyar gida ta ce sai an biya da ita shago, shekara biyu rabonta da ganinsa. Ya kawo uzurin rana, ya kawo na ƙura, ta ce ta ji, a biya.

Ta tsaya a bakin ƙofa da baƙin tabarau na asibiti tana bin kaya ɗaya bayan ɗaya. Ta ga bayan kalanda cike da lambobi. Ta miƙa hannu biyu saman kantar shagon ta ɗauko akwatin kamar yadda ta saba in za ta goge, da shirin ɗaukar nauyi, sai ya taso mata sakayau. Wani ɗan abu ya yi ƙara a ciki. Ba ta buɗe ba.

"Kilo huɗu da ɗari da goma ne, Malam. Nawa suka ce maka?"

"Huɗu."

"Ka bari allura ta tsaya?"

"A'a."

Ta mayar da akwatin mazauninsa, ta goge murfin da gefen mayafi. Shi kuwa ya ja kujera ya zauna gaban sikelin mahaucin nan da ke buɗe tun Asabar. Ya ɗaure sukurorin, ya daidaita allura a kan sifili, ya miƙa hannu wajen akwati don ya gwada, hannun ya tsaya a hanya.