Butelin da Yaya Ta Ɓoye a Bayan Tukwane

Yayata ce ta kira ni daga Lyon da hantsi, na dawo daga aikin dare ke nan ina shirin kwanciya. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Ka zo. Ɗan naka ne."

Ɗan nawa shi ne ɗanta na fari. Yaya ta fi shekara talatin a Faransa, amma kunyar ɗan fari da ta taso da ita daga Damagaram tana nan daram. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama da shi su yi magana ido da ido. In tana so ya ci abinci, bango take faɗa wa: "Akwai tuwo a tukunya, mai ci ya ci." Da mahaifinsa na da rai, shi ne mai shiga tsakani. Da ya rasu, sai aikin ya faɗo kaina, ni kawunsa da ke can Paris.

Ta ce tana shara ta tarar da wani ƙaton buteli shuɗi na ƙarfe, irin tukunyar gas, a ƙarƙashin gadonsa, mai nauyin tsiya, da famfo a kansa. Ƙanwarsa ta karanta mata rubutun jikinsa, ta ce wannan ai iskar nan ce da samari ke shaƙa, wadda suke cewa proto.

Na san proto sarai. A Rungis nake aiki, babbar kasuwar abinci, ɓangaren kifi, kuma kullum in na fito nakan taka fankon ƙananan gwangwanayenta a bakin hanya, da fasassun balan-balan da suke cikawa da ita su shaƙa. Wani abokin aikina yana da ɗa da ya shaƙe ta har ƙafafunsa suka daina jin ƙasa, yanzu da sanda yake tafiya. To waɗannan ƴan gwangwanaye ne. Namu kuma buteli guda ya ajiye kamar mai shirin buɗe shago! Na nemi hutu, washegari na shiga jirgin ƙasa.

Lokacin zafi ne, irin zafin da ke sa Turawa su rufe tagogi su yi ta kuka. Na iso gidan Yaya a unguwar Guillotière na tarar madafa ta cika da mata. Maƙwabciyarta ce ta haihu, gobe suna, kuma Yaya ce uwar girki. Mai na tafasa a kasko ana suyar cincin, tanda na kunne ana gasa kaji, gumi na zuba a jikin kowa. Ta jawo ni falo, muka gaisa sama-sama.

"Ina butelin?" na tambaye ta.

"Na ɓoye. Inda ba zai taɓa dubawa ba." Ta rage murya. "Tun da ya rasa shi bai zauna ba. Ya birkice ɗakinsa, ya duba motarsa, ya tambayi ƙanwarsa har ta yi kuka. Ka gani ko? Haka masu shan abin suke yi in sun rasa."

Wallahi ni ma haka na gani. Ban ma ƙara tambayar inda ta ɓoye ba.

Da la'asar ya dawo daga aiki. A wata masana'anta yake a Saint-Fons, yana gyaran injuna. Dogo ne, mai shiru, Hausarsa rabi Faransanci. Ya gan ni ya yi turus, sannan ya durƙusa ya gaishe ni yadda aka koya masa. Ni kuwa maimakon in amsa da daɗin rai, idanunsa nake leƙe. Na ga sun yi ja. Na dubi hannunsa ko yana rawa. Har tafiyarsa na bi da kallo, ko zai ja ƙafa.

"Kawu, lafiya ka zo ba sanarwa?"

"Sai na nemi biza kafin in zo gidan yayata? Zauna, malam."

Ya zauna a bakin kujera, ƙafarsa na karkarwa, yana ta waige-waige. Na fara zagaye-zagaye irin namu na manya: ya aiki, su wa kake yawo da su, me ya sa ka rame. Yana amsawa da kalma ɗaya-ɗaya. Can ya kasa daurewa.

"Kawu, akwai wani abu nawa da ya ɓace a gidan nan. Dole in same shi yau."

"Dole?" na ce. "To, madalla. Abin har ya kai dole."

"Ba ka gane ba. Buteli ne, na motata."

Na yi dariya, dariyar takaici. Na san yana da wata tsohuwar akori-kura da ya saya, yana ɓata duk hutunsa a ƙarƙashinta. Amma mota da shan proto? Na ce, "Haba yaro! Ni za ka yi wa wannan? Motar ce ke hura balan-balan ko? Ka ga na yi maka kama da wanda ya sauka daga jirgi jiya?"

Sai a lokacin ya fahimci abin da ya kawo ni. Na ga fuskarsa ta canza, kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya dubi ƙofar madafa, ya dube ni. Bai yi musu ba, bai rantse ba. Ya ce a hankali, "Maman ce ta ɗauka. Kawu, don Allah tambaye ta inda yake. Ba sai an ba ni ba. A faɗa mini kawai ba wuri mai zafi ba ne. A cike yake. In ya yi zafi, iskar ciki na kumbura, akwai wani ɗan faifai a bakinsa da zai fashe ya sake ta gaba ɗaya. Kuma in akwai wuta kusa, iskar nan ƙara mata ƙarfi take."

Zuciyata ta ce wayo ne, so yake a nuna masa maɓoya. Amma kalmar wuta ta tsaya mini a rai. Na tashi na leƙa madafa, na kira Yaya gefe na tambaye ta. Ta nuna da haɓa. Kabad ɗin ƙasa, wanda ke manne da tanda, inda take jera manyan tukwanen biki. Ta zaɓi wurin ne don ta san namiji ba ya buɗe shi.

Na durƙusa na taɓa murfin kabad ɗin. Zafi rau.

Na daka tsawa, "Ku kashe wutar nan! Ku fita, ku fita duka!"

Mata suka watse suna salati, wata da ludayi a hannu. Yaron ya shigo da gudu, ya buɗe taga, ya janye tukwanen, ya dubi ɗan agogon awon iska da ke kan butelin. Ban san karatun allurar ba, amma na ga yadda ya haɗiye miyau. Ya ce in jiƙo tawul. Ya naɗe butelin da shi, ya rungume shi yana kau da bakin butelin daga jikinsa, ya sauka daga bene a hankali. Na bi shi a baya. Yaya tana tsaye jikin bango, hannu a ka.

Da butelin ya huce a inuwa, muka sa shi a bayan motar wani abokinsa da ya kira muka tafi garejin da yake ajiye akori-kurar. Ni fa har lokacin ban sake ba. A raina cewa nake, to, zafi gaskiya ne, amma wa ya ce ba ya raba iskar biyu, rabi mota rabi shi?

Ya buɗe gaban motar ya fara nuna mini, muryarsa ba daɗi ba ɗaci. Ga maƙalar ƙarfe a bayan mota inda ake ɗaure butelin, ba a ɗakin direba ba, da bututun da zai fitar da iskar waje in faifan ya fashe. Ga siririyar tiyo da ta bi ƙarƙashi har inji. Ya ce iskar na sa inji ya ƙone mai da yawa a ɗan lokaci, sai mota ta zabura. Iri biyu ake sayarwa: mai tura iska kaɗai, da mai tura iska haɗe da ƙarin mai. Shi na biyun ya zaɓa, don in iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan, injin narkewa yake. Ya fara da mafi ƙanƙantar kafar fesa iskar, ya sauya fulogi, ya sa abin da zai hana ta aiki sai an take totur har ƙasa. A filin tsere kaɗai yake kunnawa, don a titi haramun ne, shi ya sa yake cire butelin. Garejin kuwa rufin kwano ne, zafin bana ya sa ya kai shi gida, ɗakinsa ya fi ko'ina sanyi.

"Ta mota da ta shaƙa, ai iska ɗaya ce," na ce.

Ya ɗan murɗa famfon kaɗan ya rufe. Wani wari ya bugi hancina kamar an ƙyasta ashana kwali guda, na ja da baya ina tari. Ya ce da gangan ake zuba wa ta mota wannan, don kada wani ya yi sha'awar shaƙa.

Na fara kame-kame, cewa uwa ce, tsoro ne, ga abin da ya sami ɗan abokin aikina. Ya bar ni na gama, yana goge hannu da tsumma.

"Kawu, ina gidan nan kullum. Ɗakina da nata bango ɗaya ne. An tambayi ƙanwata, an kira ka tun daga Paris, na tabbata matan madafar nan duk sun ji. Ni kaɗai ne ba a tambaya ba. Kuma ka shigo kana leƙen idona." Ya ajiye tsumman. "Idona ya yi ja ne don ban yi barci ba, ina tunanin inda butelin yake."

Na ce ya yi haƙuri, haka aka rene mu, kunya ce ba ƙiyayya ba. Ya ce ya sani, bai riƙe kowa ba. Sannan ya ce wani abokin aikinsa ya daɗe yana masa tayin ɗaki kusa da masana'anta, yana ƙi saboda Maman. Yanzu zai karɓa. "Ka faɗa mata, Kawu. Ni ban san yadda zan fara ba."

Na yi faɗa, na yi lallashi, na ce ina raye ba zai bar uwarsa ba. Ya saurare ni da ladabi, kansa a ƙasa, na kuma gane magana ta riga ta ƙare.

Na koma ni kaɗai. Matan sun tafi, Yaya na zaune a madafa tana zuba cincin a robobi. Na ce mata ba ya shan komai, na gani da idona, na motar ne. Ta ce alhamdu lillahi, ta maimaita, ta shafa fuska. Na bari ta ɗan numfasa, sannan na faɗa mata sauran.

Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da zuba cincin har robar ta cika ta fara zuba ƙasa. Can ta ce, "Ka tambaye shi ko ɗakin akwai murhu. Bai iya dafa komai ba."