Hannun da Yayata Ta Rantse da Shi

Yayata gurguwa ce, tana sayar da bandar kifin tafkin Lagdo a kasuwar Garwa. Ranar da aka kira ta shaida a kotu kan rikicin rumfa tsakanin maƙwabtanta, ni na raka ta. Hannunta ya sha lalle, don ba a daɗe da bikin ƙanwarmu ba.

Keken guragunta ya tsaya a gindin matakala, babu ta inda zai hau. Wasu samari suka ce su ɗauke ta, ta ce ita ba buhun gero ba ce. Ta zura silifas a hannuwanta ta ja jiki har sama, ina biye da ita, raina in ya yi dubu ya ɓaci.

Da alƙali ya ce ta ɗaga hannun dama ta rantse, sai ta ɗaga shi da silifas ɗin, ƙura ta binne lallen. Mai fassara ya ce, "Hajiya, cire takalmin mana." Ta ce, "Gaya masa da shi na hawo gidansa." Alƙali ya daɗe yana kallon hannun nan.

Ban ce ita ta sa ba, amma bara da muka koma karɓar wata takarda, mun tarar an zuba gangaren siminti a gefen matakalar. Ta murza kekenta har bakin ƙofa, sannan ta buɗe min tafin hannunta. Sabon lallenta na nan jawur, ko ƙwarzane babu.