Matar da ta hana mu ɗaga iyayenmu

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin gashin ƙashi, can bayan asibiti inda ba kowa ya san da shi ba. Sai ta jera kujeru shida, ta jijjiga kowace don ta tabbata ƙafarta ba ta rawa, ta goge dogon ƙarfen da ake dafawa a jikin bango. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ita ba likita ba ce, mataimakiya ce kawai. Tsofaffi suka laƙaba mata Malama Tashi, don kalmar ba ta barin bakinta.

Ta daɗe da gano cewa tsoho ba ya ɗaga ƙafa don an ce masa zai ƙara lafiya. Lafiya ta yi masa nisa. Sai dai a nemo ɗan abin da yake kewa.

Bara wani magidanci ya turo mahaifiyarsa a keken marasa lafiya. Tun da ta faɗi, wata bakwai, gidan ya taru ya kashe mata ƙafafu da ƙauna. Ta motsa, a ce "Inna, zauna, me za a kawo miki?" Da aka ce ta ɗaga gwiwa sau biyar, ta kawar da kai.

"Ni da na ci zamanina, tsere zan shiga?"

Malama ta sa ɗan ya jira a waje, ta durƙusa gabanta.

"Inna, a cikin yini, wane lokaci ya fi miki ɗaci?"

Tsohuwar ta murza bakin zanenta.

"Matar ɗana ke kai ni bayi. Yarinyar kirki, ko fuska ba ta taɓa ɓata mini ba. Amma ni na rage shan ruwa, don kada in dame ta da kira."

Malama ta dubi busassun leɓunanta, zuciyarta ta karye. Ta kira ɗan ta tambaye shi taku nawa ne daga gadon Inna zuwa ƙofar bayi. Washegari ya dawo da amsa: sha bakwai. Ta zana su da alli a ƙasa, sannan ta kafa masa doka.

"Ka tsaya kusa da ita, amma hannayenka su zauna a aljihu. Sai ta nema."

"Ina kallo uwata na wahala?"

"Kana kallo tana tafiya."

Satin farko taku uku Inna ta yi, tana mita. Ta kai takwas, sai gwiwa ta kumbura, ta yi fushi ta daina zuwa. Ranar hutunta Malama ta bi ta har gida, ta sha harara, ba ta tafi ba sai da suka yi taku biyu a tsakar ɗaki. A wata na huɗu matar ɗan ta zo asibiti da kanta, idonta cike da ƙwalla. Ta ce da safe tana wanke-wanke ta ji ƙarar sakatar bayi, an kulle daga ciki.

Malama, ke ce mai haƙurin jiran taku ɗaya. Ke ce kika gane cewa abin da ke tayar da tsoho daga kujera mutuncinsa ne. Ba a taɓa rubuta sunanki a jikin ƙofa ba, amma akwai gidaje da yawa da iyaye ke rufe ƙofa da hannunsu saboda ke. Mun gode. Allah Ya ba ki ƙafafun da za su ɗauke ki har ƙarshen rayuwa.

Mu kuwa 'ya'ya, in muka ga tsohonmu na fafutikar miƙewa, mu matso kusa, mu danne zuciya, mu jira. Akwai ciwo a wannan jiran, kuma Malama ma tana jinsa kowace safiya. Ba ta dai taɓa bari ya sa ta miƙa hannu kafin a nema ba.