Ɓarnar da na yi wa alayyafon ɗiyata

Shekarun baya, babbar ɗiyata tana ajin ƙarshe a jami'a, ta dawo gida Yelwa da aikin kammala karatu. Wai idan mutane za su yi tafiyar shekaru cikin ƙaton jirgin sararin samaniya, fili nawa za a shuka ya ciyar da mutum ɗaya, kuma ina za a kai zafin fitilun da ke maye gurbin rana?

Ta karɓi wani ɗakin kwano a bayan gida ta liƙe shi tsaf, ta ce shi ne jirgin. Ta jera alayyafo a robobi ƙarƙashin fitilu, ta sa bututu da ƙaramar fanka mai fitar da zafi. Da za ta koma makaranta na kwana huɗu ta ce, "Baba, ruwa kawai za ka ba su. Don Allah kada ka gyara komai."

Ni kuwa da na tsufa ina noman albasa a bakin ruwa, idona ba ya jure ganin gurbi tsakanin shuka. Na ɗebo dashe na cusa duk inda na ga fili. Na kuma tuna na taɓa ji a rediyo cewa can sama sanyi ne mai kisa. To, jirgi da huda? Na toshe bututun da tsumma, ina jin kaina injiniya.

Bayan kwana biyu na buɗe ƙofa, sai ka ce miya aka dafa a ciki.

Da ta dawo ba ta yi kuka ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Cewa ta yi, "Baba, sanyin a waje yake. A ciki zafi ba shi da inda za shi. Abin da nake aunawa ke nan." Saura mako bakwai ta miƙa aikin, in ba haka ba ta maimaita shekara.

Innarta ta dube ni. "Malam, kai da ko albasar ajiya ba ka yarda a tare mata iska?"

Ɗiyar fari ce, ko sunanta ban taɓa kira ba, balle in ba ta haƙuri. Ranar na cije na ce, "Ke, na yi ɓarna. Nuna mini yadda ake karanta ma'aunin zafin nan."

Na bar wa ƙanena gona. Muka sake shuka, tazarar da ta ce, ita na bari, ko da hannuna na ƙaiƙayi. Bayan kowace salla ina duba ma'auni in rubuta da ajami, tunda bokona bai taka kara ya karya ba. Ko sau ɗaya ban tsallake ba har aka yanki ganye.

Ta ci jarrabawa. A cikin aikin akwai shafi guda mai hoton dafaffen alayyafon nan, misalin abin da zai sami gonar jirgi idan zafi ya rasa mafita. A ƙasa ta rubuta cewa kuskuren mai kula da ɗakin ne.

Na daɗe ina ganin girmana shi ne a ce na sani, har na kusa cinye mata shekara. Ita ta rufa mini asiri, ba ta rubuta wane ne mai kulan ba. Ni na ga ya kamata ku sani.