Yadda Na Fasa Gangar Ishaya a Vimtim

Ana sallame sallar asuba ranar Juma'a muka bar Jimeta, mu uku a motar abokina: ni, da shi mai motar, da wani ɗan ajinmu da ke busa begila a zamaninmu na sakandare, wanda yanzu tumbi ya sa sai ya zauna yake iya ɗaura igiyar takalmi. Mubi muka nufa, daga can mu wuce Vimtim bikin 'yar Ishaya. Waɗanda suka ga bidiyon da ke yawo a waya sun riga sun san inda labarin ya kwana. Na ga gara in ba ku shi da bakina tun daga farko.

Ishaya shi ne mai babbar ganga a ƙungiyar badujala ta makarantarmu a Mubi. Ni kuma ni ne mai riƙe sanda a gaba, shi ya sa har yau wasu ba su san sunana na yanka ba, Manjo kawai suke kirana. Da ya bugo waya ya ce yana so tsofaffin 'yan badujala su rako 'yarsa Rahila daga coci zuwa ƙofar gida, ban bari ya rufe baki ba na ce ina tafe.

Binuwai ta cika maƙil da muka hau gada, ruwan ƙarshen damina ya yi ja. A Song muka karya da kunun gyaɗa da ƙosai. Kunun ya yi kauri yadda ake so, ƙosan ne dai ya ƙanƙance, har mai begila ya tambayi matar ko na yara ta ba mu. Ta ce ya je ya tambayi masu sayar da wake. Daga Gombi hanya ta fara gwada mu, wani wurin sumul, wani wurin ramuka har mai motar ya daina kauce musu, ya koma zaɓen wanda ya fi sauƙi. Amma duwatsun wajen Hong sun biya mu wahalar. Sun yi kore shar, an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera, ga dawa ta sunkuyar da kai a gindinsu. Duk shingen da muka tsaya, sai an leƙo an tambayi abin da ke cikin doguwar jakar mai begila.

Ni kuwa tun daga Girei bakina bai huta ba. Na ba su labarin ranar faretin makarantu da na cilla sanda sama ta juya, na cafe ta ba tare da na ɗaga kai ba, har 'yan matan wata makaranta suka manta da tasu ƙungiyar suka yi mana tafi. Suna wurin ranar, sun gani da idonsu. Duk da haka sai da na maimaita.

Mun shiga Mubi kafin azahar. Garin ya cika ya batse. Keke ko'ina, tirelolin shanu sun tare rabin titi, ga fatake daga Kamaru suna ciniki da Fulatanci da Faransanci da hannu. Hausar Mubi kuwa tana nan yadda na bar ta, mace ma "ya zo" ne, ba mai damuwa. Muka yi sallar Juma'a, muka ci balangu mai zafi a gefen kasuwa, wanda ko a Yola ban samu irinsa ba, sannan muka kama hanyar Vimtim. Babura na ta wuce mu da buhunan gyaɗa, mata na ɓarar masara a bakin gonaki.

Ishaya ya yi furfura, amma kafaɗun nan na ɗaukar ganga suna nan. Ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya, mahaifiyarsa ta fito da sanda tana cewa, "Manjo ya zama babba, Manjo ya yi ciki." Ko ruwa ba mu gama sha ba ya ja mu ɗaki ya yaye wani zane. Sai ga gangarmu. Ita ce dai, ja da fari, da lotsawar da ta yi a gefe tun ranar da ta faɗo daga motar makaranta. Da ƙungiyar ta mutu aka watsar da kayan a sito, shi ya je ya roƙa aka ba shi. Shekarar da 'yan bindiga suka shigo mutane suka watse daga Mubi, a cikin rumbun dawa ya tura ta kafin su hau dutse. Da suka dawo an kwashe kusan komai na gidan, amma ganga tana nan. Fatar gefen hagu an canza ta. Ta gefen dama kuwa, marigayi malaminmu na badujala ne ya ɗaura ta da hannunsa, Ishaya yana shafa mata mai yana lallaɓa ta tun daga lokacin. Matasan cocinsu ke amfani da ita yanzu, amma ba mai ɗaukarta sai yana wurin.

Bayan la'asar muka yi gwaji da matasan a filin firamare. Suka miƙo mini sandarsu mai kan azurfa da tsinin ƙarfe a ƙasa. Ta fi tamu nauyi, na ji a wuyan hannuna, amma ban faɗa ba. Tafiya ta yi kyau, ƙafa ba ta manta ba. Da muka tashi Ishaya ya riƙo hannuna.

"Manjo, abu ɗaya. Gobe kada ka jefa sandar nan. Wurin ƙarami ne, ga mutane, mu ma ba yara ba ne."

Na ce, "Haba Ishaya, sai ka ce ban san abin da nake yi ba. Ba zan jefa ba."

Ranar Asabar muka jira a inuwar wata bishiya a harabar coci har aka gama ɗaurin aure. Ina sanye da farar riga da jar ɗamara da suka ara mini, wadda da ƙyar ta zagaye ni. Ƙofa ta buɗe, na ɗaga sanda, Ishaya ya saki bugu na farko.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Wanda bai taɓa tafiya a gaban babbar ganga ba ya sani, ba a kunne ake jin ta ba, a ƙirji ne da tafin ƙafa. Ƙananan ganguna suka shigo kamar ruwan sama a kan kwano, begila ta tashi, ta ɗan shaƙe da farko sannan ta washe. Na ji gwiwar da ke damuna ta yi shiru. Muka gangaro ta tsakiyar gari, motar amarya a bayanmu, mata na guɗa suna kaɗa zannuwa, tsofaffi na ɗaga sanduna daga bakin ƙofa, masu babura suka kashe inji suka tsaya. Wani Bafulatani da ke kora shanu ya tsaida su yana taka ƙafa daidai da mu. Na waiga na ga Ishaya, uban amarya guda, da babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana dukan ganga yana dariya hawaye na zuba. Na daɗe ban ji daɗi irin na wannan tafiya ba, kuma ko yanzu da nake rubutu cikin kunya ba zan ce ban ji ba.

A ƙofar gida akwai babban mangwaro. Nan muka ja burki, 'yan badujala suka yi da'ira, Ishaya ya shigo tsakiya kusa da ni don ya tarbi 'yarsa da kiɗa. Wayoyi sun yi sama ta ko'ina. Wani daga cikin taro, ina jin tsohon ɗalibin makarantarmu ne, ya ƙwala, "Manjo! A nuna musu!" Wasu suka amsa. Ba wanda ya tilasta ni. Na tuna maganar Ishaya sarai, na ji ta a raina, na ce sau ɗaya ne kawai. Na juya sanda a yatsu na cilla.

Ko reshen ban gani ba. Sanda ta bugi mangwaro, ta karkace, ta dawo da tsini a gaba. Na miƙa hannu na kama iska. Ta wuce kafaɗar Ishaya da kaɗan, ta shige fatar dama ta gangar, ta yaga ta har ƙasa.

Kiɗa ya tsaya cak. A daidai lokacin Rahila ta sako ƙafa daga mota da farar rigarta, ta tsaya riƙe da murfin, tana duban mahaifinta. Ganyen mangwaro na ta sauka a kanmu. Da tsinin ya matsa kaɗan, wuyan Ishaya zai samu, ko ɗaya daga yaran da suka matso. Na tsaya hannu wofi, na rasa inda zan sa idona.

Ishaya bai kalle ni ba. Ya zare sandar daga cikin ganga ya ajiye ta a ƙasa, ya gyara igiya a kafaɗa, ya ci gaba da bugun gefen hagu shi kaɗai. Sautin ya mutu, kamar ana dukan katifa. Amma ya riƙe bugun, ƙananan ganguna suka bi shi, mata suka cike gurbin da tafi, aka shigar da amarya. Ba wanda ya ce in matsa. Kewaye ni kawai aka yi aka wuce.

Na zagaya bayan gida inda muka ajiye mota na zauna a kan dutse. Ina jin ana rabon shinkafa da tuwon dawa da miyar yakuwa, ƙamshi na zuwa, amma ban leƙa ba. Na ce wa mai motar mu kama hanya. Ya ce shi bai tuƙo daga Jimeta don ya gudu da yunwa ba, kuma in na tafi a haka, da wace fuska zan sake dawowa Mubi. Can sai ga mahaifiyar Ishaya tana dogara sanda, wata mata na biye da ita da kwano.

"Ɗana, ka ci abinci. Amarya ya shiga gida lafiya, ba wanda ya ji ciwo. Ka ci."

Na karɓa da hannu biyu. Abin da ya ƙarasa ni shi ne Rahila. Da suka fito gaishe da baƙi ita da angonta, har bayan gida ta biyo ni, ta durƙusa ta ce, "Kawu, mun gode da kuka zo daga nesa." Ko alamar wani abu babu a fuskarta. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Sai da taro ya ragu kafin magariba na samu Ishaya a ɗaki, ganga a gabansa. Na ce ya yafe mini. Na fara cewa zan sa a ɗaura sabuwar fata, mafi kyau. Ya daɗe yana shafa bakin yagewar da babban yatsa.

"Na ce maka kada ka jefa, Manjo."

"Ka faɗa."

"Fata ana samu. Hannun Malam ne ba a samu."

Na sunkuyar da kai. Can aka kira shi waje.

Washegari bayan sun taso daga coci, ni na ɗauki gangar a cinyata har cikin Mubi, Ishaya a gaba kusa da mai motar. A Sabon Layi akwai wani dattijo mai ɗaurin ganguna da kalangu a wata rumfa bayan masu walda. Ya duba, ya ce za ta ɗauru, sai dai a bar masa ita ya samu fatar da ta dace. Ya kwance tsohuwar zai jefa kan tarin shara, Ishaya ya riƙe hannunsa. Ya naɗe ta a hankali ya sa a hammata. A wurin nan kunya ta sake kama ni sabuwa, fiye da ta jiya a gaban taro.

Da za mu rabu ya raka mu har mota. Ya ce, "Kirsimeti yaran za su yi maci. Ka zo." Na ɗaga kai ina mamaki. Ya ce, "Amma tuta za mu ba ka. Ita ma a ɗaure a ƙugu." Mai begila ya fashe da dariya har da riƙe tumbi. Ishaya bai yi dariya ba, amma ya matse hannuna kafin ya saki.

Komowa ba wanda ya ji muryata. Mai motar ya kunna rediyo, muka sayi gyaɗa da rake a Mararraba saboda yara, ruwa ya ɗan taɓa mu bayan Gombi. Mun shiga Jimeta bayan magariba. Na tarar bidiyon ya riga ni isa gida. Maiɗakina ta yi mini sannu da zuwa ta ajiye ruwa, yaran ne suka yi ta shiga ɗaki suna toshe baki.

Abin da na ɗauko daga wannan tafiya bai da yawa, amma ya zauna mini. Shekara da shekaru ina ba da labarin badujala kamar ni ne labarin, alhali mai sanda an sa shi a gaba ne don na baya su san inda za su sa ƙafa. Daɗin da na ji daga coci zuwa ƙofar gida, daɗin tafiya tare da mutane ne, kuma ya ishe ni da na bar shi haka. Ranar ta Rahila ce da mahaifinta, na so in gutsiri rabona a ciki, na ɓata abin da ba zan iya mayarwa ba.

Jiya da hantsi Ishaya ya kira ni. Bai ko gaisa ba ya ce in saurara. Na ji bugu ta cikin waya, mai ƙarfi, mai tsauri.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Ba muryar ta dā ba ce."

Na ce, "A'a, ba ita ba ce."

Ya ce, "To. Yaran dai sun ce za ta taka da su ran Kirsimeti."